Gaba da gabanta: ashe ƙwayar cuta ma tana da tata cutar

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wannan mako. A fitowar da ta wuce ina amsa tambayar wani bawan Allah akan shan kafso barkatai sai na jefa wata magana a ƙarshe, layi biyu ne kacal, nace akwai wasu bairos da basu da aikin yi a duniya sai farautar bakteriya su kashe. Toh wallahi da na san abinda zai biyo baya da na shirya, saƙonni suka yi ta shigowa har da na sha biyun dare, wasu na mamaki wasu na cewa tatsuniya ce, wani ma cewa yayi in turo masa lambar mai sayarwa. Na tsinto guda biyar, sauran kuyi haƙuri kusan duk tambayoyinku suna cikin waɗannan.

Slm malam, ni ɗalibi ne ina aji biyu a jami'a, an taɓa ambata mana abin nan a lacca amma malamin ya wuce da sauri kamar ana binsa, dan Allah wai ta yaya ƙwayar cuta zata kama ƙwayar cuta? Kaina ya ƙulle. Daga Samaru, Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanena. Abinda ya ƙulle maka kai Hausarmu ce, domin mu komai ƙwayar cuta muke ce masa, alhali abu biyu ne kuma tazarar dake tsakaninsu ta fi ta akuya da ƙuma. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana girma tana rabewa biyu ta hayayyafa, ita ke kawo taifot da kwalara da tarin fuka. Shi kuwa bairos ba ya ci ba ya sha, ba ya iya haihuwa da kansa, ɗan ƙunshin DNA ne (wasu RNA), wato ƙwayoyin gadon dake ɗauke da tsarin halitta, a cikin ɓawo, sai ya samu wata halitta ya shige cikinta sannan ya zama wani abu. Wasu bairos mutum suke shiga kamar na ƙyanda da korona, wasu rogo, wasu kaji, wasu kuma bakteriya kawai suka sani, toh su ake kira bakteriyofej, a taƙaice fej, ma'anar sunan mai cin bakteriya.

Wanda aka fi zanawa a littafi sunansa T4, idan ka ganshi a madubin lantarki, na'urar dake girmama abinda ido baya gani, zaka rantse wani ne ya ƙera shi a gareji, kai ne mai kusurwoyi, da doguwar wutsiya kamar sirinji, da ƙafafu siraru guda shida kamar na sauro. Tsawonsa sai ka jera kusan 5,000 kafin su cika milimita 1. Yana yawo a ruwa ba ido ba hanci har ƙafafun nan su taɓa jikin bakteriyar da ta dace dashi, sai ya tsuguna a kanta ya huda ta ya tsiyaya DNA ɗinsa ciki, ɓawon ya barshi a waje. Ka ɗauka shagon tela ne ana gab da sallah, wani ya shigo ya yayyaga littafin awon mutane ya ajiye nasa, telan nan bai ankara ba ya cigaba da ɗinki da zarensa da kekensa da wutar janaretonsa amma duk abinda yake fitarwa kayan baƙon ne. Haka bakteriyar zata bar hidimar kanta ta koma ƙera kawuna da wutsiyoyi da ƙafafu ana harhaɗawa, cikin kamar minti 25 zuwa 30 ciki ya cika, sai ta fashe, sabbin fej sama da 100 su watsu kowanne ya nemi tasa. Kai da kake ɗalibi yi lissafin zagaye huɗu kaga inda adadin zai kai kafin azahar.

Kuma kar ka ɗauka wasu tsiraru ne a lab. Ƙiyasin masana shine akwai fej wajen 1 da sifili 31 a bayansa a doron ƙasa, sun fi duk sauran halittu yawa in aka haɗa su gaba ɗaya, a ɗigon ruwan teku ɗaya akwai miliyoyi, suna cikin ƙasar gona, suna cikin kwata, suna cikin hanjinka yanzu haka da kake karanta wannan. Amma abinda nake so ka riƙe don shi zai yi ta dawowa a sauran amsoshin shine tsirfarsu, kowane fej da irin bakteriyar da yake ci, wanda ke kashe ta taifot ko kallon ta kwalara ba zai yi ba, kai wani ma a cikin dangi ɗaya sai ya ci wannan ya tsallake ƙanwarta.

Malam barka da aiki. Mahaifinmu yana da ciwon suga, gyambo ya fito masa a ƙafa yau wata bakwai, an yi allurai an sha magunguna har mun gaji, gwajin ƙarshe da aka yi a lab akace ƙwayar bata jin kusan duk magungunan da aka gwada, yanzu likita ya fara maganar yanke ƙafar, Baba kuma yace shi sai dai a kai shi kabari da ƙafarsa. Naga abinda ka rubuta shine nace ko a ina ake samun wannan fej ɗin ko nawa ne zamu haɗa. Daga wata 'yar uwa a Gusau.

'Yar uwa Allah ya baiwa Baba lafiya yasa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku da ɗawainiyar da kuke yi. Saƙonki shi ya hana ni barci, kuma ba zan yi miki daɗin baki ba, wannan abin babu shi a kemis ɗinmu kuma ba'a bada shi a asibitocinmu a matsayin magani. Ko a Amurka da Ingila ba'a yi masa rajistar da kowane likita zai rubuta ba, sai mara lafiyar da komai ya ƙare masa sannan a nemi izini na musamman. Duk wanda ya kawo miki kwalba a WhatsApp ko a mota mai lasifika yace fej ne, kuɗinki yake so.

Bari in baki labarin da ya dawo da maganar nan duniya kiga yadda aikin yake. A ƙarshen 2015 wani farfesa Ba'amurke Tom Patterson ya je yawon buɗe ido Masar da matarsa Steffanie Strathdee, ciwon ciki ya kama shi, aka ɗauke shi zuwa Jamus daga nan San Diyego, ashe wata bakteriya ce mai suna Acinetobacter baumannii ta samu wurin zama a cikinsa, irin wadda ta gagari magunguna. Mutumin nan ya shiga doguwar suma, ƙoda ta fara tsayawa, likitoci sun fara shirya iyali. Matar da yake ita ma masaniyar cututtuka ce sai ta shiga rubutawa masu bincike wasiƙa tana roƙo, aka ɗebi ƙwayar dake jikin mijin aka aika jami'ar Texas A&M da lab ɗin sojojin ruwan Amurka, suka yi ta gwada fej ɗin da suke dasu ɗaya bayan ɗaya, wasu daga ruwan masai aka tsamo su, har aka samu 'yan kaɗan da suke cin tasa, aka tace su tas aka nemi izinin hukuma, a watan Maris 2016 aka saka masa ta jijiya. Bayan kamar kwana uku ya buɗe ido. Kuma ko a nan tsugune bata ƙare ba don ƙwayar ta koyi kaucewa fej ɗin farko sai da aka sake nemo wani, kuma duk wannan lokacin ba'a daina bashi antibayotik ba. Sai watan Agusta ya bar asibiti.

Kinga kenan abin kamar ɗinki ne, sai an auna mutum, sai an samu lab da zata ware ainihin ƙwayar dake ƙafar Baba, da ma'ajiyar fej da za'a gwada, da na'urar tacewa don in ba'a tace da kyau ba gubar matattun bakteriya kaɗai ta isa ta kwantar da mai lafiya. Akwai wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan da aka yiwa irin wannan, labarin ya fito a 2019, ɗaya daga cikin fej ɗin da suka yi mata aiki a jikin ruɓaɓɓen yalo aka samo shi a Afirka ta Kudu, wata ɗaliba ce ta kankaro shi shekaru kafin nan aka ajiye a firiza a Amurka. Dace ne da wahala da kuɗi suke haɗuwa.

Abinda ke hannunku yau shine wannan. Ki koma da takardar gwajin nan wurin likita ki tambaye shi ƙarara a cikin jerin akwai wanda ƙwayar ke ji ko guda ɗaya ne, don kince kusan duk, baki ce duk ba. Ki tambaya an duba gudun jini a ƙafar kuwa, kuma an yi hoto an ga ko ciwon ya kai ƙashi, domin gyambon mai suga sau da yawa rashin isar jini ne ke hana shi warkewa kuma inda jini baya zuwa magani ma baya zuwa komai tsadarsa. A riƙe sugan nan da gaske, a riƙa wanke ciwon ana cire mataccen nama a asibiti, a daina barbaɗa garin kafso ko toka ko man juye. In kuna da hali ku nemi ganin likitan tiyata na biyu a asibitin koyarwa, ba laifi bane. Amma in biyu sun haɗu akan magana ɗaya, ko kika ga zazzaɓi da baƙi yana hawa sama da wari, toh ku samu wanda Baba ke jin nauyinsa, limaminsa ko amininsa, a zauna dashi, domin wanda aka cire wa yatsa ko tafin ƙafa da wuri yana komawa masallaci da sandarsa, jinkiri kuma shi ke sa abin ya haura gwiwa.

Malam in dai abin nan gaskiya ne kuma kace ya daɗe, me yasa sai yanzu muke ji? Ni dai ina zargin kamfanonin maganin Turawa ne suka danne shi don su sayar da nasu. Tsohon hedimasta, Azare.

Ranka ya daɗe, zarginka yana da ɗan ƙamshin gaskiya ta gefen kuɗi amma labarin ya fi haka daɗi. Wani likitan Ingila Frederick Twort ne ya fara ganin alamar abin a 1915, yaga bakteriyar da yake nomawa a faranti tana narkewa tana zama kamar gilashi, yaƙin duniya na farko ya katse masa aikin. Sai Félix d'Hérelle a cibiyar Pasteur ta Faris a 1917, shi wannan mutum ne mai taurin kai wanda bai yi wani dogon karatun jami'a ba, yayi yawo har Meziko yana neman cutar da zata kashe fara. Yana binciken atini da ya ɓarke cikin sojojin Faransa sai ya lura kashin waɗanda suka fara samun sauƙi in an tace shi an ɗiga akan ƙwayar atinin sai ta mutu, shi ya raɗa sunan. A 1919 ya baiwa wani yaro mai atini a asibitin yara na Faris ya warke, kuma kafin ya bashi sai da shi da likitocin suka kurɓa da kansu don a ga ko zai yi illa. Daga baya har Indiya ya je ana zuba fej a rijiyoyi lokacin kwalara.

Toh me ya kashe kasuwar? Na farko ba wanda ya taɓa ganin abin da ido sai 1940 da aka ɗauki hotonsa da madubin lantarki a Jamus, kafin nan masana rigima suke ko halitta ce ko sinadari. Na biyu kamfanoni sun shiga sayar dashi a shekarun 1930 ba tare da sun fahimci tsirfar nan da na faɗa ba, a ɗura a kwalba ace maganin komai ne, wani ma sinadarin da aka zuba don kar ya lalace ya riga ya kashe fej ɗin tun a masana'anta, yau yayi aiki gobe ya ƙi, likitoci suka yanke ƙauna. Ana cikin haka sai ga fenisilin a shekarun 1940, allura ɗaya tana share ƙwayoyi iri-iri ba sai an tsaya tantance wace ce ba, ga araha ga sauƙin ajiya. Ranka ya daɗe ko kai ne likita a lokacin wanne zaka ɗauka?

Inda abin bai mutu ba shine Tarayyar Sobiyet. Wani ɗan Jojiya, ƙasar ba jihar Amurka ba, mai suna George Eliava abokin d'Hérelle ya kafa cibiya a Tibilisi a 1923, gwamnatin Stalin ta kashe shi a 1937 amma cibiyar ta rayu, sojojinsu sun yi amfani da fej akan raunuka da atini a yaƙin duniya na biyu, kuma har gobe a Jojiya mutum na shiga kemis ya saya. Folan ma suna da tasu cibiyar a birnin Wroclaw. To da yake lokacin yaƙin cacar baka ne duk abinda ya fito daga can Turawan yamma kallon banza suke masa, rubuce-rubucen ma da Rashanci suke. Abinda ya sa aka waiwayo yanzu wuya ce, wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka auna da yawan jama'a shine namu, Afirka ta Yamma. Mu da ake sayar da ja da yalo a faranti a tasha kamar gyaɗa. Beljiyam tun 2018 ta bada dama masu haɗa magani na asibiti su haɗawa mara lafiya nasa fej ɗin bisa takardar likita. Gefen kuɗin da nace kana da gaskiya shine, abinda kowa zai iya tsamowa a kwata kuma sai an canza shi daga mara lafiya zuwa mara lafiya, kamfani baya ganin ribar zuba biliyoyi a gwajinsa.

Ni tsoro ma ka bani, kace suna cikin hanjina, ba zasu juyo kaina ba wata rana kamar korona? Kuma in suna cikin kwata kenan ruwan kwata magani ne? Daga Maraɗi.

Haba ɗan uwa, ka rufa mana asiri kar wani ya karanta rabi ya nufi lambatu da kofi. Ruwan kwata in akwai fej ɗaya mai amfani a ciki akwai taifot da kwalara da shawara da tsutsar ciki suna jiranka a kofi ɗaya. Su kuma fej basu da makullin shiga ƙwayar jikin mutum, tun ranar da aka haife ka kake haɗiyarsu a ruwa da abinci.

Sai dai kar in wanke su tas, don akwai masu hali irin na munafuki. Wasu in sun shiga bakteriya basa fasa ta, sai su liƙa DNA ɗinsu cikin nata su yi lamo, tana haihuwa tana gadar dasu ga 'ya'yanta, kuma wani lokacin da tsaraba suke zuwa. Ƙwayar kwalara da kake ji, gubar da ke sa mutum ya tsiyaye cikin awanni ba tata bace ta gado, wani fej ne ya kawo mata, an gano haka a 1996. Haka mashaƙo da ya addabi Kano da maƙwabta tun ƙarshen 2022, ƙwayar in babu wani fej a cikinta bata iya yin gubar da ke toshe maƙogwaron yara ta taɓa zuciya, wannan tun 1951 aka sani. Shi yasa masu haɗa magani suke karanta DNA ɗin kowane fej su zubar da irin waɗannan masu lamo. Shi kuma mashaƙo rigakafinsa na cikin allurar fenta da ake yiwa jarirai kyauta, a kai yara.

Malam ina sana'ar yogot a gida ina kaiwa shaguna, wani lokacin sai in haɗa komai yadda na saba amma ya ƙi yin barci ya tsaya tsululu, asara nake ba kaɗan ba, maƙwabciyata tace baki ne. Ko wannan abin naka ne? Maman yara, Kaduna.

Hajiya kin taɓo inda su fej suka fi cin mutuncin mutane. Yogot da kindirmo ai aikin bakteriya ne, su ke cinye sugan madara su maida shi tsami har ta kama, toh in fej ɗinsu ya shiga tukunya sai ya karkashe ma'aikatan, madara ta kwana yadda aka barta. Manyan masana'antun yogot da cuku sun fi shekara 80 suna wannan yaƙin, tanki guda na dubban litoci sai ya lalace. Kai garin neman mafita ne ma masu binciken wani kamfanin dake sayar da irin yogot, wato bakteriyar da ake zubawa madara ta kama, mai suna Danisco suka nuna a 2007 cewa bakteriyar da ta tsira tana yanko ɗan guntun DNA ɗin fej ɗin ta adana kamar hoton ɓarawo, in ya dawo ta gane shi ta daddatsa shi. Wannan dabarar ita ce CRISPR da aka maida almakashin gyaran ƙwayoyin gado, har mata biyu Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka ci kyautar Nobel a kanta a 2020. Daga robar yogot fa.

Amma ke kafin ki ɗorawa fej ko bakin mutane, duba na kusa. In kin zuba iri madarar na da zafin da yatsa ba zai iya zama ciki ba kin dafa su, in kuma lokacin hunturu ne robar ta huce da wuri basu samu ɗumin aiki ba, suna son wajen digiri 40 zuwa 45 na awanni, ki naɗe da bargo ko ki saka a kula. In madarar shanu kike saye ki tambayi mai kawo miki ko an yiwa saniya allura kwanan nan, ragowar antibayotik a nono yana kashe iri sarai. Inda zan zargi fej shine in kina ɗiban na jiya ki haɗa na yau, na yau ki haɗa na gobe har sati da sati, sai kika ga yana ta raguwar kauri yana daɗewa kafin ya kama sannan rana ɗaya ya ƙi gaba ɗaya, kuma washegari ma ya ƙi a robar nan dai. In haka ne ki zubar da tsohon irin duka kar ki ji tausayinsa, robobi da ludayi da matata da mazubi ki wanke ki jiƙa su a ruwan bilic sannan ki ɗauraye da tafasasshen ruwa, ruwan da ke tsatsowa daga yogot kar ki barshi yana zuba a inda kike haɗi don a cikinsa suke taruwa, sannan ki sayo sabon iri na wani kamfani daban da wanda kika saba, tunda fej ɗin da ya saba da wancan da wuya ya iya cin wannan. Ki gwada da lita biyu tukunna kafin ki zuba buhun madara, in ya kama ki turo mana roba ɗaya ofis.